Bindigar farko da harsashin sari: me ya sa wata ke cinye komai, wata kuma sai ta cije?

Tambayar da sababbin masu sayen bindiga a Amurka ba sa gajiya da yi ita ce, wace doguwar bindiga ce mai sauƙin kuɗi wadda za ta ci harsashin nan mai araha da ake sayarwa kwali-kwali ba tare da ta riƙa ba mutum ciwon kai ba? Tambayar ta ƙara yawa tun 2020, shekarar da hukumar FBI ta yi binciken masu neman makami kusan sau miliyan 40, kuma da yawa daga cikin masu sayen ba su taɓa mallakar bindiga ba a rayuwarsu. Galibin masu wannan tambayar ba wani yaƙi za su je ba, harbin gwangwani ne da takardar saiti a ƙarshen mako, ko farautar zomo da kurege, ko uba ne yake so ya koya wa ɗansa. Amsar da ake ba su kusan kullum ɗaya ce: sayi mai cin ƙaramin harsashin nan da ake kira .22 LR. Amsar daidai ce, amma rabi ce, don a cikin masu cin .22 ɗin akwai wadda duk abin da ka zuba mata za ta harba, akwai kuma wadda sai ta zaɓa.

Kuɗin yana jikin harsashi ne

Inda mutane ke fara yin kuskure shi ne su tsaya suna ta lissafin farashin bindigar ita kaɗai, alhali ita sau ɗaya ake biyanta. Harsashi kuwa kullum ne. A ƴan shekarun nan, idan kasuwa ta kwanta, ƙwayar .22 LR ta sari tana kaiwa wajen santi 6 zuwa 10, ita kuma .223 da ake sa wa manyan bindigogi irin su AR-15 tana wajen rabin dala, manyan harsasan farauta irin .308 kuma sukan kai dala ɗaya ko su wuce. To ka ɗauki misalin mutumin da yake harba ƙwaya 500 a wata, wato 6,000 a shekara. Idan santi 7 yake saye ya kashe dala 420, idan kuma santi 50 ne ya kashe dala 3,000, alhali bindigar kanta ƙila ba ta wuce dala 300 ba. Ka ga ke nan wanda ya yi murnar samun babbar bindiga a araha zai iya ƙarewa da ajiye ta a kabad saboda ciyar da ita ya fi ƙarfinsa, kuma wanda ba ya harbi ai ba ya koyon saiti.

Shi ya sa masu hankali a harkar suke fara zaɓen harsashi, sannan su nemo bindigar da za ta ci shi.

Mene ne .22 LR ɗin, kuma me ya sa yake da araha haka?

Tsohon harsashi ne sosai, kamfanin J. Stevens ne ya fito da shi a 1887, kuma har yau da wuya a sami wanda ake harbawa da yawa kamarsa a duniya. Ɗan ƙarami ne, dalmar da ke kansa ba ta wuce giram biyu da rabi da ɗan ɗoriya ba, ba ya dukan kafaɗa, ƙararsa ba ta kai ta manya ba. Da shi ake gasar harbin mita 50 a Olamfik, da shi kuma ƴan gasar nan ta gudun kan ƙanƙara haɗe da harbi suke amfani, saboda haka kada ƙanƙantarsa ta sa a ɗauka abin wasa ne.

Arahar ta samo asali daga yadda ake ƙera shi. Kowane harsashi yana da sinadarin da ke kama wuta idan an buge shi, kamar dai kan ashana, shi ne yake kunna albarushin da ke ciki. A manyan harsasai wannan sinadarin yana cikin wani ɗan ƙoƙo da aka dasa a tsakiyar gindin kwanson, su ake kira sentafaya. A .22 kuwa babu ƙoƙon, ana zuba sinadarin da danshinsa a cikin kwanson a juya shi da sauri har ya bazu cikin leɓen gindin, allurar bindiga sai ta daki leɓen ta matse shi wuta ta tashi, wannan shi ne rimfaya. Kayan haɗi kaɗan, tagulla siririya, dalma kaɗan, albarushi ɗan mitsitsi, inji ya yi ta zubo su miliyan-miliyan.

Ana sayar da shi a ƙaramin kwali mai 50, goma daga cikinsu su zama abin da Amurkawa ke kira bulo, wato 500. Sai kuma na sari da ake zubawa haka nan a warwatse cikin kwali: Federal na da mai 525, Winchester na da mai 333 da mai 555, Remington har bokiti take yi mai ƙwaya 1,400. Waɗannan na warwatsen su ake nufi idan an ce harsashin sari.

Inda arahar take ɓuya

Ba a banza aka rage kuɗin ba. Abu na farko, sinadarin nan na leɓe ba kullum yake zagaye leɓen duka ba, wani lokaci akwai gurbin da babu komai, idan allura ta faɗa daidai wajen sai ka ji ƙyas kawai babu harbi. Sau da yawa idan aka ciro ƙwayar aka juya ta aka mayar sai ta tashi, wanda ke nuna maka laifin ba na bindigar ba ne. Na biyu, albarushin ba daidai yake ba daga wannan ƙwaya zuwa waccan, kai kanka da kunnenka za ka ji ɗaya ta yi ƙara sosai ta gaba kuma ta yi wani ɗan fus. Na uku shi ne datti. Dalmar .22 a waje take, faɗinta ɗaya da kwanson, don haka ana shafa mata kaki a jiki domin ta zame a bututu, kuma kakin nan da toka da ɓurɓushin dalma su suke taruwa a gurbin da harsashi ke zama. Bayan ƙwaya ɗari biyu ko uku ka buɗe ka duba, za ka ga wani baƙin maiƙo ya dafe ko'ina, ka shafa da yatsa ya fito baƙi ƙirin. Idan ana sanyi kakin ya daskare sai abin ya ƙara muni. Ga kuma su ƙwayoyin da aka zuba a warwatse suna gugar juna a mota da sito, wata kanta ya ɗan karkace, wata ka taɓa dalmar ka ji tana girgiɗi.

Yanzu a nan ne ya kamata a raba magana biyu da mutane ke cakuɗawa idan sun ce bindiga tana "cin" harsashi mai araha. Akwai ta ɗauka ta harba ta tofar da kwanso ba tangarɗa, akwai kuma ta kai harsashin inda ka saita. Na farkon ya danganta da irin injin bindigar. Na biyun kuwa yawancinsa a hannun harsashin yake, ko bindigar dala dubu biyu ka sa wa harsashin bokiti sai ka ga ɗaya cikin goma ya fice gefe shi kaɗai. Masu gasa shi ya sa suke sayen irin na Eley ta Ingila ko Lapua ta Finland a kan ninkin kuɗin sau da yawa, har ma su gwada rukuni-rukuni na fitowar masana'anta kafin su zaɓa. Mai harbin gwangwani a yadi 25 ko 50 ba ruwansa da wannan.

Mai ɗura kanta da mai ɗurin hannu

Wannan shi ne zuciyar maganar. Bindigar .22 mai ɗura kanta, wadda duk jan kunama ɗaya harbi ɗaya kuma ita ke sako na gaba, ba ta da wani makulli a ciki. Nauyin ƙarfen da ke bayan harsashin da kuma sifirin su kaɗai ke riƙe da shi. Idan harsashi ya tashi, ƙarfin da ya tura dalma gaba shi ne yake tura kwanso baya, kwanson ya ture ƙarfen, a tofar da shi, sifirin ya dawo da ƙarfen ya ɗauko sabo. Wato dai harsashin ne yake yi wa bindigar aiki, to idan aka zo kan ƙwayar da albarushinta bai cika ba ƙarfen ba zai kai ƙarshen tafiyarsa ba, sai kwanson ya maƙale a ƙofa a tsaye, ko kuma ya fita amma ba a ɗauko na gaba ba. Ƙara da dattin kakin nan da ke sa kwanso ya manne, ka ga dalilin da ya sa bindiga lafiyayya take fara rigima bayan an ɗan jima ana harbi.

Mai sakata kuwa, wadda kai ne za ka ɗaga hannun sakatar ka ja baya ka mayar, ba ta jiran harsashi ya yi mata komai. Mai ƙarfi ne ko marar ƙarfi, hannunka ne zai ciro kwanson. Haka mai liba, irin ta finafinan kaboyi. Idan ƙwaya ta ƙi tashi, ka ɗan jira, ka ja sakata ta faɗo, ka wuce. A ganina idan har tambayar ita ce wacce ce ba ta zaɓen harsashi, to an gama magana, mai ɗurin hannu ce, kuma ga sabon shiga tana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: tana tilasta masa ya natsu a kan kowace ƙwaya. Ba wa yaro mai ɗura kanta ka ga yadda goma za su ƙare cikin sakan biyar bai koyi komai ba.

Masu ɗaya ɓangaren su ma suna da hujjarsu. Suna cewa nishaɗi shi ke sa mutum ya dawo filin harbi, kuma tangarɗa ɗaya ko biyu cikin ɗari ba wani abu ba ne tunda ba a fagen fama kake ba, hasali ma tana koya maka yadda ake gyara bindigar da ta cije. Gaskiya ne wannan. Sai dai duk wanda ya zaɓi wannan hanyar ya sani cewa mai ɗura kanta ta fi son harsashi mai gudu, irin wanda aka rubuta wa ƙafa 1,200 zuwa sama a sakan ɗaya, musamman wanda aka yi wa dalmarsa ruwan jan ƙarfe, shi kuma mai matsakaicin gudu na wajen ƙafa 1,070 wasu suna cinsa lafiya wasu kuma sai a hankali. Abin da ake yawan gwada bindiga mai rigima da shi shi ne harsashin Mini-Mag na kamfanin CCI, idan ta ƙi cin wannan to matsalar a jikinta take.

Sunayen da za ka yi ta ji

Ruger 10/22 ita ce sarauniyar masu ɗura kansu, tun 1964 ake yinta, gidan harsashinta mai juyawa ne yana ɗaukar 10 kuma yana shigewa cikin jikin bindigar ba ya leƙowa. Babban abin da ya sa ake sonta shi ne babu wani sashe nata da ba za ka sami na canji a kasuwa ba, bututu, kunama, ƙota, ƙugiyar ciro kwanso, komai. Amma a nan tarkon yake, mutum ya sayi bindigar dala 300 don tsimi ya ƙare ya zuba mata kayan dala 700. Sannan ga wani abin da ke ba sababbi mamaki: bututun gasa da ake sa mata gurbin harsashinsa matsattse ne domin saiti ya ƙaru, kuma matsattsen gurbi shi ne ya fi ƙin harsashin sari. Wato ka kashe kuɗi ka mayar da ita mai tsirfa. Wanda ke son cin na bokiti ya bar ta yadda ta zo daga masana'anta.

Kishiyarta ta tarihi ita ce Marlin Model 60 ta 1960, mai gidan harsashi dogo kamar bututu a ƙarƙashin bututun harbi, an ƙera sama da miliyan 11. Kamfanin Remington da ya mallaki Marlin ya karye a 2020, Ruger ta sayi sunan, ta kuma fara da dawo da manyan masu liba, don haka Model 60 an fi samunta a na hannu. Akwai kuma masu rahusa irin Mossberg 702 Plinkster da Savage 64.

A masu sakata, Savage Mark II ita ce ta talaka, sau da yawa ba ta kai kuɗin 10/22 ba kuma saitinta ya fi kuɗinta. Ruger American Rimfire tana amfani da gidan harsashin 10/22, wanda dabara ce mai kyau ga wanda yake tunanin ƙara ta biyu nan gaba. CZ 457 ta ƙasar Cek ta fi su tsada, kusan ninki biyu, amma irin wadda jika zai gada ce. Mai liba kuma Henry H001, tana ɗaukar 15, har gajerun harsasan .22 Short tana ci. Abin lura da duk mai dogon gidan harsashi shi ne wajen ɗuri hannunka yana kusa da bakin bindiga, kuma tabbatar da cewa babu ko ɗaya da ya rage a ciki ya fi wuya fiye da mai gidan da ake cirewa.

Idan ta hannu za ka saya, haska fitila ka duba bakin gurbin harsashi. Tsofaffin rimfaya da aka riƙa jan kunamarsu babu harsashi allura takan daki ƙarfen wajen ta yi masa ɗan tabo, tabon nan kuma shi ke riƙe kwanso.

To wanda yake son babba fa?

Akwai lokacin da amsar "babbar bindiga mai harsashi araha" take da sauƙi a Amurka. Tsofaffin bindigogin soja irin Mosin-Nagant da SKS sun cika kasuwa, harsasan rarar soja na ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet suna zuwa a gwangwanaye, ga kuma sababbi masu kwanson ƙarfe daga masana'antun Rasha irin Tula da Barnaul. A watan Agustan 2021 gwamnatin Amurka ta sanar da daina ba da sabon izinin shigo da harsashin Rasha, cikin takunkumin da ya biyo bayan gubar da aka sa wa ɗan adawar Rasha Alexei Navalny, kuma daga nan arahar 7.62x39, harsashin da SKS ke ci, ta fara tafiya. Dama can ma arahar tana da sharaɗi, tsohon harsashin soja da yawa sinadarin kunna shi yana barin gishiri a bututu, idan ba ka wanke a ranar ba tsatsa ta kama, sannan filayen harbi da yawa, musamman na cikin gini, ba sa yarda da harsashi mai ƙarfe a jiki wanda maganaɗisu ke kamawa.

Yau mafi araha a manyan shi ne .223 da ɗan'uwansa 5.56, kuma a kula, bindigar da aka rubuta wa 5.56 tana cin duka biyun, wadda aka rubuta wa .223 kawai ba a sa mata 5.56 saboda matsinsa ya fi. Wanda niyyarsa farautar barewa ce dole ya je ga manyan, tunda yawancin jihohi sun hana harbin barewa da rimfaya. Amma ko shi ɗin, koyon saiti da .22 zai fi masa sauƙi a aljihu.

Doka, da abin da ba a wasa da shi

A dokar tarayya ta 1968, dillali mai lasisi ba ya sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18 doguwar bindiga, ƙarama ta hannu kuma sai 21. Za ka cike fom mai lamba 4473, a tura sunanka tsarin binciken FBI da ya fara aiki a 1998. Jihohi suna ƙara nasu, Florida ta ɗaga shekarun zuwa 21 a 2018 bayan harbin makarantar Parkland, Illinois sai kana da katin izini na jiha kafin ka sayi ko harsashi, Kalifoniya kuma ta kawo binciken mai sayen harsashi a 2019, dokar da aka yi ta kai ruwa rana a kanta a kotu. Mai katin zama na dindindin yana iya saye, amma wanda ke kan bizar karatu ko ziyara haramun ne gare shi sai da wasu keɓantattun sharuɗɗa kamar lasisin farauta, kuma sayo wa wani da sunanka babban laifi ne na ɗauri.

Ƙaramin harsashin nan yana kisa. A jikin kwalinsa ma an rubuta cewa yana da haɗari har nisan mil ɗaya da rabi, kuma ya iya tsalle idan ya daki dutse ko ruwa. Da harsashin sari akwai abu biyu na musamman. Idan ka ja kunama bai tashi ba, bar bakin bindigar yana kallon gaba ka ƙirga kamar sakan 30 kafin ka buɗe, don wani yakan yi jinkiri ya tashi daga baya. Idan kuma ka ji ƙarar ta yi rauni fiye da kima, tsaya cak ka duba bututun, ƙila dalmar ta maƙale a ciki, kuma harba wata a bayanta shi ke kumbura bututu. Toshe kunne da tabarau wajibi ne, a wanke hannu bayan harbi saboda dalma guba ce musamman ga yara, a kulle bindigar wuri daban harsashi wuri daban.

Lokacin da harsashi ya ɓace a kanti

Abin da ya faru a 2013 shi ya ƙara fito da amfanin bindigar da ba ta zaɓe. Bayan harbin makarantar Sandy Hook a Disambar 2012 tsoron sababbin dokoki ya sa jama'a suka yi ta kwasa, .22 ya ɓace daga kantuna na tsawon shekaru, Walmart har ta ƙayyade kwali uku ga mutum ɗaya a rana, mutane suna sammakon layi ranar da mota za ta sauke kaya wasu kuma su saya su ninka kuɗi su sayar. An sake ganin irin haka a 2020. A irin wannan lokaci ba ka da zaɓin kamfani, abin da ka tarar shi za ka ɗauka, mai bindigar da sai Mini-Mag take ci sai ya zauna a gida, mai sakata kuwa ko wane tarkace ya samu ya tafi fili.

Idan kasuwa tana lafiya kuma, kada ka fara da bokiti. Kowace bindigar .22 tana da nata abin da take so, ko da biyu ne iri ɗaya daga masana'anta ɗaya. Sayi ƙananan kwalaye na kamfani huɗu ko biyar, ka goge bindigar, ka harba kowanne a takarda daga nisa ɗaya kana rubuta sau nawa ta cije da yadda ramukan suka taru. Wanda ya fi dacewa da ita shi za ka koma ka saya da yawa, idan da hali ka duba lambar rukunin da ke jikin kwalin ka nemi irinta, ka zuba a akwatin ƙarfe mai robar rufi a wuri busasshe, don danshi ya fi saurin shiga rimfaya fiye da manyan harsasai.